Matsalolin da 'Yan Gudun Hijira ke Fuskanta Wajen Neman Ilimi da Samun Haƙƙoƙinsu a Ƙasashen da Suka Karɓe Su

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka sani, tun daga lokacin da rikicin Boko Haram ya tsananta a arewa maso gabashin Nijeriya, sannan daga baya hare-haren 'yan bindiga suka addabi arewa maso yamma, dubun-dubatar 'yan'uwanmu sun bar garuruwansu da gonakinsu sun tsallaka iyaka zuwa Nijar da Kamaru da Cadi domin tsira da rayukansu. Haka kuma ita ma ƙasarmu ta karɓi baƙuncin mutanen da fitina ta koro daga ƙasashensu. Akasarin waɗannan bayin Allah mata ne da ƙananan yara, kuma da yawa daga cikin yaran sun fita suna goye a baya, yau ga shi sun kai munzalin shiga sakandare ba su taɓa ganin garin iyayensu ba.

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'armu mazauna karkara, musamman na garuruwan kan iyaka, da kuma hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilimi da shugabannin makarantu. Manufarmu ita ce mu fayyace wane ne ɗan gudun hijira a idon doka, da haƙƙoƙin da aka tanadar masa, da abubuwan da ke hana shi cin moriyarsu, sannan da abin da ya rataya a wuyan kowannenmu.

Wane ne ɗan gudun hijira?

A bakin jama'a, duk wanda fitina ta raba da gidansa ɗan gudun hijira ne. Amma doka ta raba su gida biyu, kuma sanin wannan bambanci yana da muhimmanci ga ma'aikata. Wanda ya bar garinsa amma bai fita daga ƙasarsa ba, kamar mutumin Bama da ya koma Maiduguri, ɗan ƙasa ne da ya rasa matsuguni, kuma alhakin kula da shi yana kan gwamnatinsa. Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka, wadda aka cim ma a shekarar 2009, ita ce ta yi magana a kan irin waɗannan. Wanda kuwa ya ƙetare iyaka ya shiga wata ƙasa, shi ne dokokin duniya suke kira ɗan gudun hijira, domin ya fita daga inuwar gwamnatinsa, ya dogara ga kariyar ƙasar da ta sauke shi.

Tushen dokar shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka sanya wa hannu a birnin Jeniba a shekarar 1951, tare da ƙarin da aka yi mata a 1967. Ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda yake wajen ƙasarsa saboda tsoro mai dalili na cewa za a zalunce shi don launin fatarsa ko addininsa ko asalinsa ko ra'ayinsa na siyasa ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. Da shugabannin Afirka suka ga wannan ma'ana ta yi wa halin nahiyar kaɗan, sai suka taru a Adis Ababa a shekarar 1969 a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka faɗaɗa ta, ta haɗa da duk wanda yaƙi ko mamaya ko wani babban tashin hankali ya tilasta wa barin ƙasarsa. A ƙarƙashin wannan ma'ana ta biyu ce ake karɓar mutanen ƙauye guda a dunƙule, ba sai an yi wa kowa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ba. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi duk sun amince da waɗannan yarjejeniyoyi. A nan gida, doka mai lamba 52 ta shekarar 1989 ce ta kafa Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa, wadda daga baya aka ƙara mata aikin kula da baƙin haure da waɗanda suka rasa matsuguni a cikin gida.

Inda jama'a suka sami mafaka

A Kamaru, an buɗe sansanin Minawao kusa da garin Mokolo a shekarar 2013 domin mutanen da suka fito daga yankunan Gwoza da Bama da Banki da kewaye. A shekarar 2023 mazaunansa sun haura 70,000, ban da waɗanda suka warwatsu a ƙauyukan kan iyaka. A Cadi, bayan harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015, an kafa sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola a gaɓar Tafkin Cadi. A jihar Difa ta Nijar akwai sansanin Sayam Foraj, ko da yake mafi yawan waɗanda suka je can sun zauna ne a cikin garuruwa da kuma gefen babbar hanya.

Ta ɓangaren yamma kuwa, daga shekarar 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka riƙa kwarara jihar Maraɗi, musamman yankunan Gidan Rumji da Madarumfa. A watan Satumba na shekarar 2019 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ta ce adadinsu ya haura 40,000. A nan ba a bi tsarin sansani ba. Magidanta ne suka buɗe gidajensu suka sauke baƙin, sannan aka kwashe wasu daga bakin iyaka zuwa garuruwa irin su Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, inda aka ƙara gina azuzuwa da rijiyoyi da ɗakunan shan magani domin amfanin baƙi da 'yan gari baki ɗaya. Wannan karamci bai zo da mamaki ba, domin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri dangi ne na jini da mutanen Katsina da Sabon Birni, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, ga auratayya tun kaka da kakanni.

Mu ma a nan mun karɓi namu baƙin. Tun daga ƙarshen shekarar 2017, rikicin yankunan Kamaru masu amfani da Ingilishi ya koro mutane zuwa jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom, har adadinsu ya haura 60,000 a shekarar 2021. Saboda haka duk abin da za mu faɗa a nan yana da fuska biyu: abin da muke so a yi wa namu a waje, shi ne ya wajaba mu yi wa na wasu a gida.

Abin da doka ta tanada

Babban ginshiƙin dokar shi ne sashe na 33 na yarjejeniyar 1951, wanda ya haramta a mayar da ɗan gudun hijira da ƙarfi zuwa inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Sashe na 31 ya ce ba za a hukunta shi don ya shigo ba da takardun tafiya ba, muddin ya gabatar da kansa ga hukuma ba da ɓata lokaci ba. Akwai kuma haƙƙin kai ƙara kotu, da na yin aiki da sana'a, da na zirga-zirga, da na samun takardar shaida da takardar tafiya.

Game da ilimi, sashe na 22 ya ce a matakin firamare dole a ɗauki ɗan gudun hijira daidai da ɗan ƙasa. A matakan da ke gaba kuwa, kada a yi masa abin da ya gaza wanda ake yi wa sauran baƙi, musamman wajen shiga makaranta da karɓar takardun shaidar karatun da ya zo da su da sassaucin kuɗin makaranta da samun tallafin karatu. Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta 1989 da takwararta ta Afirka ta 1990 sun ƙara jaddada wannan. A Nijeriya kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro.

Ya kamata a sani cewa shi ma ɗan gudun hijira akwai abin da ya hau kansa. Wajibi ne ya bi dokokin ƙasar da ta sauke shi, kuma yarjejeniyar 1969 ta hana shi mayar da mafakarsa wurin kitsa fitina a kan kowace ƙasa.

To amma tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke faruwa akwai rata mai yawa. Rahoton ilimi na UNHCR na shekarar 2023 ya nuna cewa fiye da rabin yaran 'yan gudun hijira da suka isa shiga makaranta a duniya, wato sama da miliyan 7, ba sa zuwa makaranta. Rahoton ya ce masu shiga firamare kashi 65 ne cikin ɗari, sakandare kashi 41, manyan makarantu kuwa kashi 6 kacal. Ga wasu daga cikin dalilan da ke jawo haka a yankinmu.

Matsalar harshe da bambancin tsarin karatu

Mu ɗauki misalin yaron da ke aji biyar a wata firamare a ƙasar Isa ko Jibiya, dare ɗaya iyayensa suka tsallaka da shi Gidan Rumji. A kasuwa da masallaci da filin wasa ba shi da wata matsala, domin Hausa ake yi. Amma ranar da ya shiga aji sai ya tarar allo cike da Faransanci, harshen da bai san ko gaisuwa da shi ba. Malami yana da zaɓi biyu, kuma kowanne da illarsa. Idan ya bar shi a ajin sa'o'insa, zai zauna shekara guda bai fahimci komai ba. Idan ya mayar da shi aji ɗaya, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai zauna da 'yan shekara shida, kunya da tsokanar yara su kore shi kafin zangon karatu ya ƙare. Da yawa daga cikin yaran da suka daina karatu a nan suka yanke. Gaskiya ne cewa a shekarar 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, suka mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, amma akasarin littattafai da jarrabawa har yanzu da Faransanci suke.

Bayan harshe akwai bambancin tsari. A Nijeriya yaro yana yin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. A Nijar firamare shida ce, amma matakin farko na sakandare shekara huɗu ne, inda ake rufewa da jarrabawar BEPC, sannan a yi uku a rubuta bakaloriya. Tarihi da labarin ƙasa da ilimin zaman ɗan ƙasa duk na ƙasar da aka sauka ne. A Cadi kuma Faransanci da Larabci ne harsunan karatu.

An gwada hanyoyi daban-daban domin warware wannan. A Kamaru abin ya zo da ɗan sauƙi, domin ƙasar tana da tsarin karatu biyu, na Faransanci da na Ingilishi, don haka aka sami damar koyar da yaran Minawao da Ingilishi, har aka buɗe musu sakandaren gwamnati mai harshe biyu. A Difa, UNHCR da abokan aikinta sun buɗe cibiyoyin karatu daga nesa, inda ɗaliban sakandare suka ci gaba da bin manhajar Nijeriya, har aka riƙa kai wasunsu Kano su rubuta jarrabawa. Cadi ta ɗauki wata hanyar: a shekarar 2014 ta mayar da yaran 'yan gudun hijirar Sudan kan manhajarta, sannan a 2018 ta ayyana makarantu 108 na sansanoni a matsayin makarantun gwamnati.

Kowace hanya tana da riba da hasara. Bin manhajar gida yana sauƙaƙa wa yaro ranar komawa, amma yana da tsada, ya dogara ga kuɗin agaji, kuma yana ware yaro daga 'yan garin da yake zaune da su. Bin manhajar masu masauki ya fi ɗorewa, yana kuma ba da takardar shaidar da hukuma ta sani, amma ranar komawa gida yaron zai sake fuskantar irin bangon da ya tarar ranar zuwansa. Da yake gogewa ta nuna cewa zaman gudun hijira yakan ɗauki shekaru masu yawa, fiye da yadda kowa ke zato ranar fita, ƙasashen duniya sun karkata ga hanya ta biyu. Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a watan Disambar 2018 ta buƙaci a shigar da yaran cikin makarantun ƙasar da suke, a kuma taimaka wa ƙasar ta ɗauki nauyin.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wani kaso mai yawa na yaran nan, musamman na tsibiran Tafkin Cadi da ƙauyukan da ke nesa da hanya, ba su taɓa shiga makarantar boko ba tun suna gida, a sansani suka fara riƙe fensir. Makarantar allo kuwa ita ce ba ta yanke ba, domin malami yana gudu da almajiransa, kuma ba ta neman takarda ko sabon harshe. Duk tsarin da zai yi nasara sai ya jawo alarammomi a jika, a daidaita lokutan karatu ta yadda yaro zai sami duka biyu.

Rashin takardu

Wanda aka tasa da harbi cikin dare ba ya tsayawa neman takarda. Da yawa sun fita ba takardar haihuwa, ba sakamakon jarrabawa, ba katin shaida. Wasu kuma makarantar tasu ma an ƙone ta da rajistarta. Wasu tun asali ba a taɓa yi musu rajistar haihuwa ba, duk da cewa dokar Nijeriya ta 1992 ta wajabta a yi ta cikin kwana 60 a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Illar wannan ba ta fitowa nan take. Sau da yawa ana karɓar yaro a aji ɗaya ba takarda, sai ya kai ajin ƙarshe a nemi takardar haihuwa kafin a rubuta sunansa cikin masu jarrabawa, kamar yadda ake yi a Kamaru. A nan sai karatun shekara shida ya tsaya cik. A ƙasashen da ke bin tsarin Faransa, idan wa'adin bayyana haihuwa ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu an sami hukunci kafin a ba da takardar, abin da ke buƙatar kuɗin mota da na takardu waɗanda ɗan gudun hijira ba shi da su. Shi ya sa hukumomi da ƙungiyoyin agaji sukan shirya zaman kotun tafi-da-gidanka a ƙauyuka da sansanoni domin a yi wa yara da yawa a lokaci guda.

Hatsarin da ya fi wannan girma shi ne yaron da aka haifa a gudun hijira ba a rubuta shi ko'ina ba. Idan ya girma, ƙasar da aka haife shi za ta ce baƙo ne, ƙasar iyayensa kuma ta nemi hujja. Irin wannan yana iya wayar gari ba shi da ƙasa, ba zaɓe, ba fasfo, ba asusun banki, ba aikin gwamnati. A Nijeriya tun daga shekarar 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa. Don haka takardar da uba ya raina a yau ita ce za ta iya rufe wa ɗansa ƙofar jami'a bayan shekara goma sha takwas.

Cunkoso, talauci da halin 'ya'ya mata

Garuruwan da ke karɓar baƙi galibi su ne na nesa da manyan birane, waɗanda tun kafin zuwan baƙin ba su da isassun azuzuwa da malamai. Idan makarantar ƙauye mai aji uku ta wayi gari ɗalibanta sun ninka, sai a koma rumfar zana ko inuwar itace, ko a raba yara wasu safe wasu yamma. Malaman da suka yi gudun tare da jama'arsu sau da yawa ba a karɓar takardunsu na koyarwa, sai dai su yi aikin sa-kai a ba su ɗan alawus. Idan 'yan gari suka ga an gina wa baƙi aji mai kyau alhali 'ya'yansu na zaune a ƙasa, sai ƙorafi ya taso, shi ya sa duk taimakon da za a kawo ya kamata ya haɗa kowa.

Ko da an ce karatu kyauta ne, akwai kayan makaranta da littafin rubutu da takalmi da kuɗin jarrabawa. Magidancin da ya baro gonarsa da dabbobinsa yakan ga ya fi masa sauƙi yaro ya tafi itace ko ɗiban ruwa ko ƙwadago a gonar wani. Duk lokacin da aka rage rabon abinci a sansani, malamai kan ga raguwar yara a aji. Wannan damuwa ta ƙaru a shekarar 2025, lokacin da Amurka da wasu manyan masu ba da agaji suka zaftare tallafinsu, har hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka rage ma'aikata da ayyuka.

'Ya'ya mata su suka fi shan wahala. Nisan makaranta da tsoron abin da zai faru a hanya da rashin bayan-gida na mata kaɗai suna sa iyaye su tsare su a gida. Wasu iyayen kuma, saboda talauci ko neman kare mutuncin yarinya a wurin da ba su sani ba, sukan aurar da ita da wuri, daga nan karatu ya ƙare. Akwai kuma yaran da suka ga kisa da ƙone-ƙone da idonsu. Irin waɗannan sukan firgita, ko su yi shiru, ko su kasa riƙe karatu. Bulala ba ta gyara wannan, haƙuri da kulawa suke buƙata.

Daga sakandare zuwa sama

Yawancin kuɗin agaji a firamare yake tsayawa. Sakandare tana buƙatar malamai masu fanni da ɗakin gwaje-gwaje, kuma sau da yawa tana wani gari mai nisa. Wanda ya yi sa'a ya gama, sai ya tarar wasu jami'o'i suna neman ya biya kuɗin ɗalibin ƙasar waje, ko kuma a ce sai an tantance darajar takardarsa. Akwai tallafin karatu na DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta soma a shekarar 1992 kuma UNHCR ke gudanarwa, amma guraben ba su kai yawan masu nema ba. Hukumar ta sa wa kanta burin ganin kashi 15 cikin ɗari na matasan 'yan gudun hijira sun shiga manyan makarantu kafin shekarar 2030. Saurayin da ya gama firamare ya zauna ba karatu ba sana'a, shi ne wanda masu tayar da fitina da dillalan ƙwaya suka fi sauƙin ja, don haka maganar sakandare da koyon sana'a magana ce ta tsaro.

Sauran haƙƙoƙi

Mafi yawan mutanenmu manoma ne da makiyaya da masunta, amma baƙo ba shi da gona sai aro ko haya, kuma mai gona na iya karɓe abinsa bayan an gyara ta. Matakan tsaro ma sukan taɓa abincin talaka. A Difa, dokar ta-ɓaci da aka kafa a shekarar 2015 ta hana hawa babur da cinikin kifi da tattasai, kafin daga baya a sassauta wasu daga ciki. Wanda ba shi da katin shaida kuwa yana cikin fargaba a kowane shingen bincike, kuma sau da yawa ana yi wa ɗan gudun hijira kallon abokin waɗanda suka kore shi.

Haƙƙin da ya fi kowane nauyi ma an sha taka shi. A shekarar 2017 UNHCR ta bayyana damuwarta kan yadda aka mayar da 'yan Nijeriya daga Kamaru ba da son ransu ba, zargin da gwamnatin Kamaru ta musanta. An sake irin wannan ƙorafi a watan Janairun 2019 game da dubban mutanen da suka tsere daga Rann. Har ila yau, ya kamata a lura cewa Kamaru da Cadi ba sa cikin ƙungiyar ECOWAS, Nijar kuma ta fice daga cikinta a watan Janairun 2025. Sai dai kariyar da ɗan gudun hijira ke da ita ba daga ECOWAS ta fito ba, daga yarjejeniyoyin 1951 da 1969 ne, kuma suna nan daram.

Bayan dawowa gida

Doka ta ce komawa gida sai da yardar mutum, cikin aminci da mutunci. A kan haka ne Nijeriya da Kamaru da UNHCR suka sanya hannu kan yarjejeniya a Yawunde a watan Maris na 2017. An maido rukunin farko jihar Adamawa a 2019, aka maido wasu Bama da Banki a 2021, sannan a 2025 aka kwaso wasu daga Cadi zuwa jihar Barno. Yaron da ya dawo da takardar Faransanci a hannu, ko yarinyar da aka haifa a Minawao, yanzu a ƙofar makarantunmu za su tsaya, kuma yadda muka karɓe su shi zai nuna ko karatunsu zai ci gaba ko zai mutu.

Abin da ya rataya a wuyanmu

1. Hakimai da dagatai da masu unguwanni: idan baƙi suka sauka a ƙasarku, ku rubuta sunayensu da yawan iyalinsu, ku sanar da ƙaramar hukuma da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, domin a sanar da hukumar ƙasa a yi musu rajista. Ba hurumin kowa ba ne ya kore su zuwa inda suka baro. Idan akwai wanda ake zargi, a miƙa maganarsa ga jami'an tsaro, kada a shafa wa sauran.

2. Shugabannin makarantu: kada a mayar da yaro gida don ba shi da takarda. A karɓe shi, a gwada shi a karatu da lissafi da harshen da yake ji, a sa shi ajin da ya dace, sannan a taimaka wa iyayensa su nemi takardar.

3. Sakatarorin ilimi: a sa yaran baƙi da na waɗanda suka dawo cikin ƙidayar ɗalibai, domin da ita ake rabon malamai da littattafai. A shirya darussan cike giɓi ga waɗanda shekarunsu suka wuce ajinsu da waɗanda suka yi karatu da Faransanci.

4. Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli: a haɗa kai da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a kai rajistar haihuwa har ƙauyuka, musamman ranakun kasuwa da na rigakafi. Idan an ba baƙo aron gona, a yi shi a gaban shaidu, a rubuta wa'adi.

5. Limamai da alarammomi da shugabannin mata: a riƙa tunatar da jama'a haƙƙin baƙo da maƙwabci, a kuma ƙarfafa wa iyaye gwiwa su bar 'ya'ya mata su kammala karatu.

6. 'Yan'uwanmu da ke waje da danginsu na gida: ku yi rajista da hukuma, ku karɓi takardar haihuwar duk yaron da aka haifa a can, ku adana katin sakamako da takardar shaidar kowane aji a cikin leda, ku ɗauki hotonsu a waya idan da hali. Kafin ku taso, ku nemi takardar canjin makaranta daga shugaban makarantar yaranku.

Kammalawa

A ranar 20 ga watan Yuni na kowace shekara duniya ke tunawa da 'yan gudun hijira, ranar da ta yi daidai da ranar da yarjejeniyar Afirka ta soma aiki a 1974. Muna kira ga ƙananan hukumomi da masarautu su yi amfani da wannan rana su binciki yawan yaran baƙi da na waɗanda suka dawo da ke yankunansu, su gano nawa ne ke makaranta, nawa ne ke da takardar haihuwa, sannan su kai rahoto ga ma'aikatar ilimi da hukumar agajin gaggawa. Duk mai ƙorafi ko neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar ofishin ilimi ko sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsa.

Muna roƙon Allah Ya maido da zaman lafiya a ƙasarmu da maƙwabtanmu, Ya saka wa waɗanda suka sauki 'yan'uwanmu da alheri, Ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.